Pikof uku marasa suna a akwatin kawu: yadda ake gane su, da yadda ake yi musu kuɗi

Tambayar ta fito daga wani matashi a Aboabo, nan Kumasi. Kawunsa, Allah ya jiƙansa, ya kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗan hailaif a shekarun 1970, kuma da aka buɗe akwatinsa an tarar da pikof uku a naɗe cikin tsumma, wato maganaɗisun nan mai naɗin waya da ke zama a ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki yana ɗaukar sautinsu. Babu suna ko lamba a jikin ko ɗaya. Biyu suna da murfin ƙarfe, kuma mitar auna turjiyar lantarki ta nuna kilo-om 7.9 (om dubu ne kilo-om ɗaya) a ɗaya, 8.3 a ɗayan. Na ukun siriri ne mai baƙin gindi da ƙarafa shida, shi kuwa mita ba ta nuna komai a kansa ba. Wani mai saye daga Accra ya ga hotonsu a WhatsApp ya ce zai kwashe duka a yau. Matashin yana so ya san ko na wane kamfani ne, ko ya dace ya cire murfin ya duba ciki, da kuma nawa suka kai.

Ƙanena, Allah ya ba ku haƙuri. Kafin komai, ka ajiye ƙarfen narka dalma, kada ka cire murfi, kada ka goge tsatsa, kada kuma ka yanke waya ko da taƙi ɗaya. A wannan kasuwa shaida ake saye, ba sauti kaɗai ba, kuma pikof ɗin da ba shi da suna ba shi da wata shaida sai jikinsa: tsohuwar dalmar da ke riƙe da murfi, launin waya, irin tef ɗin da aka naɗe shi da shi, har da dattin da ya kwanta a kusurwoyinsa. Duk abin da ka taɓa daga cikin waɗannan ka rage wa kanka hujja, kuma ba ya dawowa.

Ya kamata kuma ka shirya zuciyarka ga amsar da ta fi yawan fitowa. Jitocin da suka cika hannun makaɗan Ghana a wancan zamani galibinsu ba na Amurka ba ne. Na Japan ne irin su Teisco da Guyatone da Kawai, daga baya Ibanez da Aria, sai na Turai irin su Höfner da Framus na Jamus, da Eko na Italiya, da Egmond na Holan, da Burns na Ingila. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1981 dokar hana fitar dare ta kashe wasan dare na tsawon lokaci, harajin shigo da kayan kiɗa ya yi nauyi, ƙungiyoyi suka watse, kayansu suka koma coci-coci ko ƙarƙashin gado. A irin wannan hali mai gyara ba ya jefar da komai: yakan ciro pikof daga wannan jita ya dasa a waccan, ya sake naɗa wanda ya mutu da wayar da ya samu a tsohuwar taransifoma. Saboda haka abin da ke akwatin kawunku zai iya zama na Gibson ko Fender na gaske, wato manyan kamfanonin jita na Amurka, domin makaɗanmu sun yi zirga-zirga tsakanin Landan da Hambug da Legas sun dawo da kaya, amma sai an tabbatar, kuma nauyin tabbatarwar yana kan mai sayarwa.

Babbar shaida ita ce jitar da aka ciro su. Ka tambayi ’yan gida ko gangar jikinta tana nan, ko akwai tsohon hoton kawu riƙe da ita a dandali. Idan ka samu ragowar wayoyinta da maɓallan ƙara sauti, ka duba bayan kowane maɓalli, domin kamfanonin Amurka suna buga lamba a wurin. Wadda ta fara da 137 ta kamfanin CTS ce, 134 ta Centralab, 304 kuma ta Stackpole, sannan shekara da mako su biyo baya. Misali, 1376512 tana nufin CTS, shekarar 1965, mako na 12. Wannan ba ta tabbatar da cewa pikof ɗin tare aka haife su da maɓallin ba, amma idan dalmar da ta haɗa su tsohuwa ce, ta dushe, ba a taɓa sake narka ta ba, to hujja ce mai ƙarfi.

Yanzu ga biyun nan masu murfi. Siffarsu ta hambaka ce, wato mai kwarkwaro biyu da aka haɗa ta yadda ƙugin lantarki zai kashe kansa. Seth Lover ne ya ƙera ta wa Gibson, an nemi rajistar fasahar a 1955, aka ba da ita a 1959, kuma jitar Les Paul ta Gibson ta fara zuwa da ita a 1957. Waɗanda ake kira PAF, waɗanda kowa ke mafarkin tsinta, suna ɗauke da ’yar baƙar sitika a gindi mai rubutun ruwan zinariya da ke cewa “Patent Applied For”, wato an nemi rajista, inda sunan PAF ya samo asali. Na farko-farkon 1957 sun fito ba sitika, kuma da yawa daga na baya sitikar ta ɓare, shi ya sa rashin suna bai kore su ba. Wajen 1962 aka sauya sitikar zuwa mai lamba 2,737,842, wadda a haƙiƙa lambar rajistar wani ƙarfen riƙe tsirkiya ce na makaɗi Les Paul, ba ta pikof ba. A tsakiyar shekarun 1970 aka daina sitika aka koma buga lambar a jikin ƙarfen gindi. Ka ga ke nan, idan gindin naka sumul yake ba bugu, ko dai na Gibson ne na kafin wannan lokaci, ko wanda ta sake yi daga baya don kwaikwayon na da, ko kuwa ba na Gibson ba ne sam.

Ka kifa su ka zauna a haske mai kyau. Farantin gindin Gibson na wancan zamani fari-fari ne, na gaurayen ƙarfen da ake kira azurfar nikel, yana da dogayen ƙafafu biyu, kowace da rami ɗaya mai zare. A kan ƙafafun akan ga ɗan tabo mai siffar harafin L wanda injin lanƙwasa ya bari. Ƙananan sukurori huɗu na tagulla ne ke riƙe da kwarkwaron daga ƙasa. Wayar da ta fito guda ɗaya ce, an lulluɓe ta da saƙar ƙarfe a waje, da zare a ciki. Idan ka ga farantin rawaya ne na tagulla, ko ƙafa ɗaya tana da ramuka biyu, ko wayar tana cikin rigar roba mai launin toka, to hankalinka ya koma Japan ko kamfanonin baya. Idan kuwa ƙananan wayoyi huɗu masu launi daban-daban suka fito, an yi shi daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa sama, ko kuma wani ya buɗe shi ya yi masa aiki.

Zaren sukuru yana raba gardama fiye da yadda mutane suke zato. Amurka da inci take aiki, Japan da Jamus da milimita. Ramin ƙafar hambakar Gibson yana karɓar sukuru mai zaren 3-48, sukurorin nan shida na sama kuma 5-40 ne, tazarar na farko da na shida kuwa kimanin milimita 49 ce. Ka nemi sukurun da ka tabbata daga pikof na Amurka ya fito, ka murɗa shi da yatsu kawai. Idan ya shiga salin-alin, alama ce mai kyau. Idan ya cije bayan juyi ɗaya, ka tsaya nan, kada ka ɗauko sukudireba ka tilasta shi, domin za ka cinye zaren.

Abin da ke ƙarƙashin murfin shi ne ya fi faɗin gaskiya, kuma shi ne abin da na hana ka gani. A PAF akwai ɗan rami mai kusurwa huɗu da zobe kewaye da shi a saman kowane kwarkwaro, wayar naɗin tana da duhu, tsakanin shunayya da ruwan goro, an nannaɗe ta da baƙin tef na takarda, akwai ɗan katako a gefe ɗaya yana tallafe da kwarkwaron, kuma ba a tsoma shi cikin kaki ba. Maganaɗisun na shekarun 1950 tsawonsa inci biyu da rabi ne, daga wajen 1961 aka ɗan rage shi. A tsakiyar shekarun 1960 waya ta koma mai haske ja-ja, sannan aka fara kwarkwaro mai harafin T a sama, wanda ya ci gaba har ƙarshen shekarun 1970. A 1959 an yi wasu da kwarkwaro mai launin madara, ko duka biyun ko ɗaya baƙi ɗaya fari, kuma su ne mafi tsada. To amma ka dubi ɗigon dalma biyu da ke haɗa murfin da faranti. Idan ƙanana ne, sun dushe, babu alamar ƙuna a gefensu, murfin bai taɓa fita ba tun daga masana’anta, kuma wannan kaɗai kuɗi ne, domin yana nufin ba a sake naɗi ba, ba a musanya maganaɗisu ba. Idan shaidun waje duka suka nuna Gibson, a bar wa mai saye ko ƙwararren da ɓangarorin biyu suka amince da shi ya yanke shawarar buɗewa. Idan shaidun waje suka nuna Japan, ba ka ma buƙatar buɗewar.

Game da lambobin mitarka, sun faɗa cikin iyakar PAF, wadda ke tsakanin kilo-om 7 da 9, amma kada wannan ya ɗauke ka. Kusan duk wanda ya kwaikwayi Gibson, daga Maxon na Japan zuwa masu naɗi na yau, cikin wannan iyaka yake naɗawa. Abin da mita take aunawa tsawon waya ne da kaurinta kawai. Wayar da ake kira lamba 42, wadda kaurinta bai wuce na gashin kai ba, tana ba da om biyar da ɗoriya a kowace mita ɗaya ta tsawo, don haka kilo-om 8 na nufin wajen kilomita ɗaya da rabi na waya. Akwai kuma abin da ya shafe mu a nan musamman: turjiyar jan ƙarfen da aka yi wayar da shi tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri na zafi. Lambobin da kake gani a intanet galibi an auna su a ɗaki mai digiri 20. Idan ka auna naka a shago da rana tsaka, zafi yana 32, to 8.3 ɗinka zai koma wajen 7.9 a can, 7.9 kuma ya koma 7.5. Ka riƙa rubuta zafin ɗaki kusa da lambar, kuma kada yatsunka su taɓa bakin wayoyin mita lokacin awo, domin jiki mai gumi yana rage lambar. Amfanin mita na gaske shi ne korewa. Hambakar da ta nuna 13 ko 14 ba PAF ba ce, ta fi kama da Super Distortion na DiMarzio na shekarun 1970. Wadda ta nuna wajen 4 kuma, ko kwarkwaro ɗaya ne kaɗai ke aiki, ko kuwa wani iri ne daban, kamar Filter’Tron na Gretsch. Idan kana da mai gyaran rediyo da ke da mitar auna henri, wato ma’aunin ƙarfin naɗin waya, ka kai masa: hambaka irin ta da takan ba da henri 4 zuwa 5, pikof na jitar Stratocaster ta Fender kuwa 2 da ɗan abu.

Na ukun ya fi sauƙin karantawa, tunda komai nasa a fili yake. Fender ba ta yi amfani da kwarkwaron roba ba a shekarun 1950 da 1960. Faranti biyu ne na faiba, sama da ƙasa, aka soka sandunan maganaɗisu shida a tsakaninsu, aka naɗa waya kai tsaye a jikin sandunan. Saboda haka idan ka kifa shi za ka ga gindin sandunan shida a fili, da ƙananan zobba biyu na tagulla inda siririyar waya ta haɗu da wayoyin fita masu rigar zare, ɗaya baƙa ɗaya fara. Idan maimakon haka ka ga doguwar baƙar sanda an manna ta da gam a ƙasa, to ƙarafan shida ba maganaɗisu ba ne, ƙarfe ne kawai, kuma pikof ɗin na jita mai araha ne. Akwai gwaji mai sauƙi: ka ɗora bakin wayoyin mita biyu a kan maganaɗisun. Alniko, wato gaurayen alminiyam da nikel da kobalt da ƙarfe, yana wuce da lantarki, mita za ta yi ƙara. Na yumɓu, wanda ake kira siramik, ba ya wucewa.

Baƙin gindi ya dace da Stratocaster daga 1954 zuwa farkon 1964, kuma waɗannan ba a saba rubuta musu kwanan wata ba. Daga 1964 gindin ya koma ruwan toka, aka fara rubuta kwanan wata da hannu ko da hatimi, gab da lokacin da CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, ta sayi Fender a Janairun 1965. A kan baƙin gindi na asali wayar naɗin tana da hasken jan ƙarfe, ta baya kuwa ta fi duhu. Sandunan ba tsawonsu ɗaya ba: na tsakiya biyu sun fi tsawo, na tsirkiya ta biyu ya fi gajarta, kuma haka aka ci gaba har 1974 da aka daidaita su. Gefen samansu an ɗan fere shi, kuma ferewar ba ta zo daidai a kowace sanda ba, domin aikin hannu ne. Sai dai Fender da kanta da wasu kamfanoni da dama sun sake yin baƙin gindi daga shekarun 1980, har akwai waɗanda ake tsufar da su da gangan a masana’anta, kamar jerin Antiquity na Seymour Duncan. Tsatsar da aka yi da sinadari takan bazu bai ɗaya a ko’ina. Ta gaske takan fi yawa inda hannun makaɗi ya yi ta zubar da gumi, kuma a ƙarƙashin tsirkiyoyi akan ga inda suka ci saman sanda.

Shirun da mita ta yi a kansa ba lallai ne ya zama mutuwa ba. Ka ɗora bakin mitar kai tsaye a kan zobban tagullar nan biyu, ba a ƙarshen wayoyin fita ba. Sau da yawa dalmar zobe ce ta tsufa ta saki, kuma mai hannu mai sanyi zai iya farfaɗo da ita cikin daƙiƙa biyu. Wani lokaci wayar ta tsinke a zagayen waje, sai a warware zagaye kaɗan a sake haɗawa, asarar ba ta da yawa. Mafi muni shi ne idan laima ta shiga ta sa sandunan suka yi tsatsa daga ciki, tsatsar ta ci wayar da ke manne da su. Wannan ciwo ne da muke yawan gani a Kumasi saboda damina, ya kuma fi tsanani a kayan da suka zauna a Accra da Tema inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. Maganinsa sai sabon naɗi, sabon naɗi kuwa yana karya farashi ƙwarai, ko da sautin ya fi na da. A ra’ayina, idan alamu suka nuna na Fender ne na kafin 1965, gara ka sayar da shi a mace ka faɗi gaskiyar halinsa, mai saye ya kai wa wanda ya yarda da naɗinsa. Kada kuma ka danna sandunan don daidaita tsawonsu, domin motsi kaɗan ya isa ya tsinka wayar ciki. Kada ka kusantar da shi ga maganaɗisun sifika, kada ka goge shi da soson ƙarfe, domin burbushin zai manne ya shige cikin naɗi.

Batun kuɗi yana tafiya hawa-hawa. PAF na gaske, mai aiki, wanda ba a taɓa ba, dubban daloli ake sayar da guda ɗaya, mai kwarkwaro fari ya fi haka. Na farkon masu sitikar lamba, waɗanda a ƙira kusan ɗaya suke da PAF na ƙarshe, suna biye da shi. Mai harafin T yana cikin ɗaruruwan daloli, haka ma pikof mai kwarkwaro ɗaya da ake kira P-90 na shekarun 1950, wanda Gibson ta fara a 1946 kuma shi ma ba ya ɗauke da suna. Saitin Stratocaster uku na kafin CBS yana kai dubbai, amma guda ɗaya da ya rabu da ’yan’uwansa bai kai kaso ɗaya cikin uku na kuɗin saitin ba. Kada kuma ka raina na Japan. Hambakar Maxon da aka sa wa Greco da Ibanez a shekarun 1970, wadda akan gane ta da ’yan lambobi na tawada a gindi, tana da masu nemanta, haka ma na Teisco masu takardar ruwan zinariya a fuska, waɗanda makaɗin jita na Amurka Ry Cooder ya sa aka dawo da martabarsu, da na DeArmond da aka yi a Toledo ta jihar Ohio wa Harmony da Silvertone. Waɗannan daga gomman daloli ne zuwa sama da ɗari. Mai sandar siramik a manne kuwa kuɗinsa bai wuce na kayan gyara ba.

Idan za ka duba farashi a dandalin saye da sayarwa na intanet irin su Reverb ko eBay, ka nemi abin da aka riga aka sayar, ba abin da mai kaya ya rubuta yana jira ba, domin kowa yana iya rubuta abin da ransa ke so. Sannan ka rage. Pikof marar sitika, marar jitar da ta haife shi, yana ƙasa da mai cikakkiyar shaida, saboda jabu sun yi yawa har ana buga sitikar ƙarya ana tsufar da ita, kuma masu saye sun koyi tsoro. Ka rage kuɗin aikawa da inshora da kason dandalin. Ka san kuma mai saye a Turai ko Amurka zai yi ɗari-ɗari da sabon mai sayarwa daga nesa, zai nemi damar mayar da kaya idan bai gamsu ba. A cikin gida kuwa, makaɗin coci ko na biki yana biyan kuɗin abin da zai yi masa aiki ranar Lahadi, ba kuɗin tarihi ba, don haka farashin sidi da za a taya maka a kasuwannin Adum ko Kejetia na nan Kumasi ba shi ne ma’aunin darajarsu ba.

Mutumin Accra da ke gaggawa bai zama macuci ba don ya yi tayi, sana’arsa ce ya saya da araha, amma gaggawarsa ta isa ta sa kai ka jinkirta. Ka ɗauki hoton kowane pikof a hasken rana ba tare da filashi ba: sama, gindi, ƙafafu daga kusa, ɗigon dalmar murfi, bakin waya, da fuskar mita tana nuna lamba, tare da rula a gefe. Ka nuna wa masu gyara biyu ko uku waɗanda ba su da niyyar saye, ka ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Ka tambayi shi mai tayin me ya gani a hoton da ya sa yake so, domin amsarsa za ta nuna maka ko ya gane wani abu ne ko caca yake yi. Tunda kuma kayan mamaci ne, ka sanar da magada abin da ake ciki kafin a karɓi ko sidi ɗaya, don kada ƙaramin abu ya zama maganar gado daga baya. Kafin nan ka cire su daga tsumman, domin tsumma yana riƙe laima, ka sa kowanne a kwalinsa daban tare da ’yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin takalmi, ka ajiye su nesa da sifika da taga.